Sarkin Yamma: tubali, kwano da man kaɗe a gaban zafin bazara

Matafiyin da ya bar Maraɗi da hantsi cikin watan Afrilu ya nufi yamma, sai ya gangara daga tudun birni ya faɗa fadamar Gulbi, inda garake da itatuwan mangwaro ke riƙe da ɗan sauran sanyin safiya. Da ya ƙetare gulbin, wanda a wannan lokaci yashi ne kawai shimfiɗe, sai ya hau jigawa, gonakin hatsi da aka share suna jiran ruwan farko, gawo da ƙalgo da aduwa tsaitsaye a cikinsu. Nan ce hanyar ƙasar Sarkin Yamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, tare da Madarunfa kanta, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi da Safo. Dokar 2002 ce ta ba ta wannan matsayi, aka yi zaɓen kansiloli na farko a 2004. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da ƴan ƙananan kasuwanni, wadda ɗiyanta da yawa ke aiki ko fatauci a Maraɗi, Yamai da Najeriya, kuma kowanensu na da buri guda: ranar da Allah ya hore masa, ya dawo ya gina gida a garinsu.

Wannan gida da ake buri, da me za a gina shi? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kuɗin shekaru ne ake zubawa, kuma iyali ne za su kwana a ciki shekara talatin ko fiye.

Gine-gine uku a unguwa guda

Kowa ya ratsa ƙauyukan wannan yanki zai ga zamani uku zaune kafaɗa da kafaɗa. Akwai ɗakin jinka mai zagayen ƙasa ko na kara, wanda iska ke ratsa rufinsa. Akwai soro da shigifa na jar ƙasa, masu katanga mai kauri da rufin azara da aka daɓe da ƙasa, indararo na leƙowa daga sama. Sannan ga ginin yau: bulo na siminti, ko birgin ƙasa siriri, an ɗora masa kwano, wanda mutanen nan ke kira tol, yana walƙiya tun daga nesa kamar yana shelar cewa mai gidan ya samu.

Da azahar ake gane bambancinsu. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a jahar Maraɗi yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Kwanon da rana ta daka tun safe yakan haura digiri 60, ya riƙa zubo zafinsa a kan wanda ke ƙasa kamar murfin tukunya. A irin wannan sa'a ɗakin kwano ba kowa cikinsa. Mata sun kwashe yara sun koma gindin bedi, mai shago ya fito da benci waje. Amma tsohon zauren ƙasa na ƙofar gida cike yake da dattawa, kuma baƙon da ya yi sallama ya shiga zai ji kamar an zuba masa ruwa a ka. Ba fanka, ba kuran, ba na'ura. Katanga ce kawai ke aikinta.

Da dare labarin yakan juya. Kwano ba ya riƙe komi, rana na faɗuwa ya huce. Katangar ƙasa kuwa sai bayan isha'i take fara mayar da abin da ta sha, shi ya sa a bazara mai soro ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya bar ɗaki ya huce kafin asuba. A watan Janairu, lokacin da hunturu ke saukar da ma'auni ƙasa da digiri 15 da dare, wannan zafi da katanga ta ajiye shi ne bargon mai gida, alhali mai ɗakin kwano na makyarkyata.

Abin da magina suka sani tun da

Masana kimiyyar gini suna da bayanin wannan al'amari. Duk abu mai nauyi yana shan zafi kafin ya yi ɗumi, kuma zafin yana tafiya cikinsa a hankali. Katangar ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 takan jinkirta zafin rana sa'o'i takwas zuwa goma sha biyu kafin ya ɓullo ta ciki. Wato zafin azahar ba ya isa ga mai ɗaki sai tsakar dare, lokacin da waje ya yi sanyi kuma ana iya buɗe ƙofa da taga a kore shi.

Maginan ƙasar Hausa ba su karanta wannan a takarda ba, amma sun gina a kansa. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana tana ruɓa, su mulmula tubali mai ƙoƙuwa su shanya. Gindin katanga sukan yi shi da faɗi, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Taga ƙarama ce, kuma can sama. Rufi na azarar giginya ne, wadda gara ba ta cika ci ba. Inda ɗaki ya yi faɗi sai a tayar da bakan gizo a ɗora tulluwa. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya zame. Wannan sana'a ce mai sarauta, da Sarkin Magina da almajiransa, kuma duniya ta shaida ta: masallacin Yama na jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya karɓi lambar Aga Khan ta fasahar gini a 1986, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya.

To, me ya sa ake gudun ƙasa? Wanda ya zargi mutanen karkara da son kwaikwayo kawai bai yi musu adalci ba. Azara ta yi wuya ta yi tsada tun bayan farin shekarun 1970 da 1980. Yaɓe aikin kowace shekara ne, samarin da ke yin sa kuwa sun tafi bida. Uwa uba, ruwa. Maraɗi ba ta manta da 1945 ba, shekarar da ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon gari na cikin fadama har aka mayar da birnin bisa tudu. Daminar 2024 ta maimaita darasin: sama da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, jahar Maraɗi ce ta fi kowace yawan mamata, da dama daga cikinsu gine-ginen ƙasa ne suka faɗa musu, kuma a farkon Satumba na wannan shekara tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya zube. Bayan haka ne, a watan Oktoba, gwamnati ta rage farashin siminti da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai gidan da ya kwana yana sauraron katangarsa na jiƙa yana da hujjar son bulo da kwano.

Sai dai ya tsere wa ruwa ya faɗa hannun zafi. Zafin kuwa ƙaruwa yake: a ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. Dogaro da na'urar sanyaya ɗaki kuma ba na kowa ba ne. Yawancin ƙauyuka ba su da kuran, inda yake kuwa kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta yanke layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai a farkon 2024. Ɗakin da ba ya zaunuwa sai da kuran, rabin ɗaki ne.

Darasin ƙanƙara da man shanu

A nan ne wani bincike da ake yi a jami'o'in duniya ya shafi Sarkin Yamma. Tambayar masu binciken ita ce: za a iya ba gini marar nauyi, mai siririyar katanga da rufin kwano, irin haƙurin katangar ƙasa ba tare da nauyinta ba? Amsarsu tana cikin abin da kowace mai sayar da ruwan sanyi a tasha ta sani.

Idan aka sa ƙanƙara cikin kula, ruwan yakan tsaya da sanyinsa muddin da sauran ƙanƙara, kome zafin rana. Dalili shi ne narkewa kanta tana cin zafi mai yawa ba tare da abin ya ƙara ɗumi ba. Kilo guda na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya gama zama ruwa, kuma wannan adadin zafi zai iya ɗaga lita guda ta ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Idan abin ya sake daskarewa sai ya mayar da zafin duka. Ɓoyayyen zafi ke nan. Randa da tulu ma da ɗan'uwan wannan sirri suke aiki, sai dai su ta hanyar tururin ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu. A kan haka ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar Rolex a 2000.

Ƙanƙara ba ta da amfani a katanga, domin a digiri 0 take narkewa. Abin da ake nema shi ne wanda zai narke a daidai zafin da jikin mutum ke so, ya sha zafin rana yana narkewa, da dare ya daskare ya saki, gobe ya sake, shekara da shekaru. Ana iya kiran irin waɗannan kayan narke-daskare. Wadda ta fara gwada su a gidan zama ita ce Maria Telkes, masaniya haifaffiyar Hangari da ke aiki a Amurka. A 1948, a garin Dover na jihar Masacusets, ta cika gwangwanaye da wani gishiri mai narkewa a digiri 32 ta jera su cikin katangun wani gida domin su tara zafin rana su ɗumama shi da dare. Gidan ya yi aiki hunturu biyu. A na uku gishirin ya rabu da ruwansa, gwangwanayen suka yi tsatsa suka fara yoyo. Daga baya masana'antu suka koma ga kakin man fetur, irin na kyandir, wanda kilo guda nasa ke ɗaukar kusan kilojul 200. Kamfanin BASF na Jamus ya riƙa ƙunshe shi cikin ƴan ƙwayoyin roba da ido ba ya gani, ana gauraya su da farar ƙasar shafe ko allunan silin.

Amma kakin fetur daga rijiyar mai yake fitowa, farashinsa na bin farashin ganga, kuma yana cin wuta. Shi ya sa hankali ya koma ga maiƙon tsirrai da na dabbobi, wato abin da gona da garke ke sabuntawa kowace shekara. Yau akwai kamfanoni a Amurka da Ingila da ke sayar da irin waɗannan kaya da aka tato daga man tsirrai, wasu cikin shimfiɗar leda mai ƙananan aljihuna da ake ɗorawa bisa silin.

Jerin kayan da masu binciken ke aunawa zai ba ɗan kasuwar Maraɗi dariya, domin rabinsu suna kan teburin ƴan koli. Man kwakwa yana narkewa wajen digiri 24 zuwa 25, yana ɗaukar kusan kilojul 100 a kilo. Man alayyadi, na ƙwarar kwakwar manja, kusa da haka yake. Man shanu wajen digiri 32 zuwa 35. Man kaɗe yakan fara laushi wajen digiri 30 ya gama narkewa wajen 40, shi ya sa yake narkewa a tafin hannu. Kitsen shanu da na tumaki sai an haura 40. Kakin zuma sai wajen 62 zuwa 64. Idan aka tace waɗannan mayuka aka ware sinadaran da ke cikinsu, kamar yadda mai sabulu ke raba mai da toka, ana samun masu tsabta da ke ɗaukar kilojul 150 zuwa 200, kuma ta hanyar gauraya biyu ana iya saita inda za su narke. Duk matar da ta ajiye man shanu a ƙwarya ta ga yana daskarewa da asubar hunturu yana narkewa da hantsi ta riga ta ga wannan kimiyya da idonta.

Man gyaɗa fa, wanda ya gina arzikin Maraɗi da alhazanta a zamanin SONARA, kafin fari da cutar gyaɗa su karya noman a tsakiyar shekarun 1970? Shi ba ya daskarewa sai kusa da sanyin ƙanƙara, saboda haka a yadda yake ba shi da aiki a katanga. Haka man riɗi da man aya.

Lissafi kafin sayayya

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya don sunansa, sai ya buga lissafi. Ga shi a sauƙaƙe, da alƙaluma na kusa. Kilo guda na busasshiyar ƙasa yana shan ƙasa kaɗan da kilojul 1 kafin ya ƙaru da digiri guda. Ke nan kilo guda na man kwakwa, a lokacin narkewarsa, yana yin aikin ƙasa fiye da kilo 100 da ta ɗumama da digiri guda. Wannan shi ne abin da ke burge masana. Amma a juya lissafin. Katangar ƙasa mai kaurin santimita 40, kowace murabba'in mita tata tana da nauyin kusan kilo 680. Idan ta ɗumama da digiri 4 a wuni, ta sha kusan kilojul 2,400, wato aikin kilo 24 na man kwakwa. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, da tsawon mita 3, yana da katanga murabba'in mita 48. Kafin mai ya yi abin da wannan katanga ke yi sai an zuba fiye da tan guda. Ƙasar kuwa daga kududdufin bayan gari ake ɗebo ta da amalanke. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matsala ta biyu ita ce daren bazara. Kayan narke-daskare ba sa ƙirƙiro sanyi, ajiya kawai suke yi, kuma rumbun da ba a kwashe ba ba ya karɓar sabon hatsi. Dole man ya daskare da dare kafin ya yi amfani gobe. Yawancin kayan da ake sayarwa a Turai an saita su su narke tsakanin digiri 21 da 26. A jahar Maraɗi, cikin Afrilu da Mayu, dare kansa yakan tsaya tsakanin 25 da 28. Irin waɗannan kaya za su narke a farkon bazara su zauna ruwa har damina, wato su yi barci a daidai lokacin da ake bukatarsu. Wanda aka kawo wa su da sunan kayan zamani daga waje, tambayar farko da zai yi ita ce: a digiri nawa suke narkewa? Abin da ya dace da wannan ƙasa shi ne mai narkewa wajen digiri 29 zuwa 33 idan cikin ɗaki ne, ko sama da haka idan a ƙarƙashin kwano za a shimfiɗa shi.

A nan man kaɗe ya fi kusa da bukata, amma shi ma da nasa halin. Ba ya narkewa a digiri guda, kuma idan ya narke yana da nawar daskarewa, abin da masu sayar da shi suka sani sarai. Ga tsada, domin yana da masu nema da suka fi magini kuɗi: masu man shafawa, da masu cakulan na Turai, waɗanda dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarje wa sa man tsirrai irin su kaɗe har kashi 5 cikin 100. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan kaɗanya, ta hana fitar da ɗanyen ƙwararta na wata shida a watan Agusta 2025 domin a riƙa tacewa a gida. A Nijar kuwa itacen ya fi yawa can kudu, wajen Gaya. Zuba abinci da magani cikin katanga a ƙasar da ake auna mai da cokali abu ne da sai an yi tunani.

Sauran matsalolin kowane mai gida zai hango su. Mai idan ya narke yana neman hanya, ya ɓata shafe, ya raunana tubali. Dole a killace shi cikin leda mai ƙarfi, bututu, ko a shayar da shi cikin gawayi ko garin katako mai ramuka. Ɗanyen mai yana yin ɗoyi idan ya daɗe. Yana kiran ɓera da kiyashi. Yana cin wuta, a garuruwan da gobarar hunturu ba baƙuwa ba ce. Kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri, saboda haka shimfiɗa siririya ta fi dunƙule amfani.

Inda abin zai yi rana

Duk da haka kuskure ne a yi watsi da binciken. Akwai wuraren da katanga mai kauri ba ta yiwuwa, kuma a nan ne kilo kaɗan na mai zai biya kuɗinsa. Na farko shi ne silin ɗin ɗakin kwano da aka riga aka gina, wanda ba zai ɗauki nauyin ƙasa ba: ajin makaranta da yara ke zufa cikinsa daga ƙarfe goma sha ɗaya, ɗakin haihuwa na likitar ƙauye, ofishin magajin gari. Na biyu shi ne ɗakin ajiyar magani da iri, inda ƴan digiri kaɗan ke raba mai kyau da lalatacce. Tuni ma ake amfani da irin waɗannan kaya a akwatunan jigilar alluran rigakafi. Na uku shi ne shagon kwano ko na kwantena da ɗan kasuwa ke wuni ciki da kayan da zafi ke ɓatawa.

Kayan da suka fi dacewa a gwada su ne waɗanda ba a ci: kitsen da ke saura a mahauta, man suya da ya gama aiki, ragowar masana'antar mai da ta sabulu. Jahar da ta shahara da kiwo, har jar akuyarta ta yi suna a duniya, ba ta rasa kitse ba. Masu aunawa ma suna kusa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana da sassan kimiyya da fasaha, cibiyar binciken noma ta INRAN tana Tarna, kuma Nijar tana da tsohon gado a wannan fage tun daga ofishin makamashin rana, ONERSOL, da aka kafa a 1965, wanda Farfesa Abdu Mumuni Diyofo ya jagoranta shekaru masu yawa. Gwajin ba ya bukatar miliyoyi: ɗakuna uku masu girma ɗaya a fili guda, na ƙasa, na kwano tsura, da na kwano mai silin ɗin mai, a sa ma'auni a kowane, a rubuta abin da ya nuna dare da rana daga Maris zuwa Yuni. Gani ya kori ji.

Kafin wannan rana, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke shirin aza harsashi a garinsu yana da hanyoyin da aka riga aka gwada a ƙasar nan. Tun 1980, a Cikal ta yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba katako, mai rufin tulluwa da baka na birgin ƙasa, wanda ya kawar da matsalar azara. A Dandaji ta jahar Tawa, masaniyar gini Mariyam Isufu Kamara da abokiyar aikinta sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da birgin ƙasa da aka matse da inji. A Burkina Faso, Francis Kere, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ya nuna tun daga makarantar Gando ta 2001 yadda ake ɗaga kwano sama da silin na ƙasa, a bar iska ta ratsa tsakaninsu: kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Ka'idar ba ta da wuya. Harsashi na dutse ko siminti da ya ɗaga katanga sama da inda ruwa ke kwanciya, katanga mai kauri ta ƙasa, baki mai faɗi ga rufi domin ruwa ya zuba nesa, farin shafe, tagogi masu fuskantar juna, da ƙarfe da raga, domin a bar su buɗe da dare.

Wannan batu na taga ya ƙara nauyi. Tun wajen 2019 matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka ta taɓa ƙauyukan gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, kuma inda tsoro ya shiga mutane sukan bar kwanan waje su kulle kansu a ɗaki. Katangar ƙasa da man da ke cikin silin duka da iskar dare suke sauke kayansu. Ɗakin da aka toshe ba ya hucewa, ko da me aka gina shi.

Sai kuma itace. A wannan jaha ce, tun 1983, manoma tare da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya tofo a gona, wadda ake kira sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan eka miliyan 5 na ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Abin da ya yi wa gona zai yi wa gida. Katangar yamma da inuwar bedi ta rufe daga la'asar ba ta shan rabin wahalar wadda ke tsaye tsirara, kuma zafin da bai shiga ba ba ya bukatar ma'aji.

Da la'asar sakaliya, lokacin da matafiyi ke juyowa Maraɗi, amalanken shanu na shigowa gari da jar ƙasa, wasu kuma da bandir na kwano da buhunan siminti daga birni. Sau da yawa gida ɗaya suka nufa. Mai gidan da ya san aikin kowane, ya ba siminti ƙafa, ya ba ƙasa jiki, ya ba kwano kai, ya bar wa iska hanya, shi ne iyalinsa za su yi ƙailula cikin ɗaki a watan Mayu. Man da ke narkewa ya daskare kuwa, idan masanan ƙasar suka auna shi da zafin Maraɗi suka samo mai araha da ba a ci, zai zo ya cike gurbin da ya rage a ƙarƙashin kwanon da aka riga aka kafa.